Wa Ya Yage Littafin, Ƙarfi ko Dabara?

Akwai wani wasa da masu nuna ƙarfi na Amurka da Turai suka daɗe suna yi a gaban jama'a. Mutum zai hau dandamali, a miƙo masa littafin lambobin tarho na wani babban birni, mai kauri kaman tubali. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya cije baki, jijiyoyin wuyansa su miƙe, can sai a ji ƙarar takarda, littafi ya rabu gida biyu. Ya jefar da shi ƙasa, jama'a su ɗauki tafi. Da yawa cikinmu sun taɓa ganin irin wannan a ƴan bidiyon da ake turowa ta WhatsApp, kuma abin da ke fita daga bakinmu kusan ɗaya ne: "Kai, wannan ƙato akwai ƙarfi!"

To amma duk wanda ya san wasan zai faɗa maka akwai dabara a ciki, kuma ita ke yin mafi yawan aikin. Daga nan tambayata ta taso, ƴan'uwa ɗalibai. In mutum ya yi abu da dabara, ya bar mutane suna cewa ƙarfi ne, ya yi ƙarya? In bai yi ba, a ina ƙaryar take farawa? Tambayar kaman ta wasa ce, amma ina ganin ta shafi yadda muke kallon duk wanda ya fi mu a wani fage, har da ɗakin jarrabawa.

Bari in fara da littafin kansa, tunda mu ƴan zamanin salula ba mu saba da shi ba. Masu Faransanci suna ce masa annuaire. Na farko ya fito a 1878 a garin New Haven na Amurka, kuma bai ma kai a kira shi littafi ba: kwali ne guda ɗaya mai sunaye 50, babu lamba ko ɗaya, don a lokacin kakan ɗaga tarho ne ka faɗa wa ma'aikacin da ke haɗa waya sunan wanda kake nema. Da tarho ya shiga gidaje, littafin manyan birane ya kumbura har ya wuce shafi 1000. Kamfanin tarho kan kawo sabo kowace shekara, tsohon ya zama shara.

Wannan ne ya sa ya dace da masu wasa. In mutum ya ɗaga ƙarfe ya ce kilo 200 ne, sai dai ka yarda da bakinsa, tunda ba kai ka auna ba. Littafin tarho kuwa kowane ɗan kallo yana da irinsa a gida, ya san nauyinsa a hannu. In ya koma gida zai ɗauko nasa ya gwada, ya murɗa, ya yi gumi, ya kasa. Kasawarsa ita ce shaidar mai wasa.

Yanzu ga yadda ake yi. Takarda ɗaya ko yaro mai rarrafe yana yage ta. Shafi dubu a haɗe a matse kuwa tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya, kuma da wuya a sami hannun da zai fara tsaga su duka lokaci guda. Mai wasan ba ya fuskantar su gaba ɗaya. Yakan kama bakin littafin da hannu biyu, manyan yatsunsa suna haɗe a tsakiya, ya lanƙwasa shi har shafukan su zame wa juna, iska ta shiga tsakaninsu, bakin da yake a miƙe ya koma a karkace kaman matakala. Sannan, ba tare da ya sassauta riƙo ba, ya karya hannuwansa zuwa ɗaya gefen. Shafukan waje su ke fara miƙewa su fashe, na bayansu su biyo, na bayan waɗannan su ma su biyo, da sauri har kunne ya ji kaman ƙara ɗaya ce. Da tsaga ta samu, sauran aikin ja ne kawai. Kun san mai sayar da yadi a kasuwa: ya ɗan ciza bakin yadin da almakashi, sauran ya keta da hannu ƙiii har ƙasa. Takarda ma haka take, farkon tsagar ne ke da wuya.

Kada wani ya ce ashe babu ƙarfi a ciki ko kaɗan. Akwai. Yatsu da wuyan hannu sai sun iya riƙe littafin a lanƙwashe, don da riƙo ya suɓuce shafukan za su koma su haɗe, a dawo gidan jiya. Wanda bai horar da hannunsa ba, ko an nuna masa hanyar, sai ya ɓata littattafai da yawa kafin ya iya. Dabara tana rage yawan ƙarfin da ake bukata, ba ta kawar da shi.

Akwai kuma hanya ta uku da masu sana'ar suka sani. A saka littafin a tanderu a kan wuta kaɗan har danshin takardar ya ƙone, ta bushe ƙayau. A ido littafin yana nan yadda yake, amma a hannu ya zama kaman busasshen ganye. Wani kuma yakan ɗan yanka bakin shafukan da reza tun kafin ya fito.

Ke nan muna da mutum uku a kan dandamali ɗaya. Na farko ya yage da tsagwaron ƙarfi, in har akwai shi. Na biyu ya yage da dabara da ƙarfi daidai gwargwado. Na uku ya yage littafin da ya gasa a ɓoye. Ɗan kallo da ke zaune a layin baya abu ɗaya ya gani sau uku. Muna cewa gani ya kori ji, amma a nan gani bai isa ya raba su ba.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, shi ya sa nakan fara tambayar kalmomi kafin in tambayi mutane. Hausa ba ta zuba waɗannan abubuwa a kwano ɗaya ba. Muna da ƙarfi, kuma ku duba yadda kalmar ta bar damtse ta shiga wurare: ƙarfin hali, ƙarfin zuciya, ƙarfin gwiwa, sannan fin ƙarfi da ƙarfa-ƙarfa, waɗanda ba yabo ba ne. Muna da dabara, wadda muka aro daga Larabci, daga tushen da ke nufin tsara abu da duba ƙarshensa; ba a zagin mutum da ita. Muna da wayo, mai fuska biyu: in aka ce yaro ya yi wayo an yabe shi, in aka ce wane ya yi mini wayo an kai ƙara. Muna da dabo da rufa-ido, wasan da mai yi da mai kallo duk sun san akwai abin da aka ɓoye. Sai can ƙarshe algus, wato a gurɓata kaya a sayar da sunan na kirki, kaman madarar da aka ƙara wa ruwa, ko buhun da aka sa hatsi mai kyau a sama, tsakuwa a ƙasa.

Da wannan ma'auni mutum na uku bai da wuyar hukunci. Algus ya yi. Duk wasan ya tsayu ne a kan alkawari ɗaya da ba a furta ba: wannan littafi irin na gidanka ne. Wanda ya gasa nasa ya karya wannan alkawari. Ɗan kallon da zai koma gida ya gwada ya kasa, zai ɗauka an fi shi ne, alhali ba abu ɗaya aka ba su ba. An sace masa tafi, an kuma sa ya raina hannunsa a banza.

Mutum na biyu ne ke da wuyar sha'ani. Littafinsa na gaskiya ne, hannunsa na gaskiya ne, kuma duk abin da ya yi a gaban ido ya yi shi. Mai lura zai ga lanƙwasar. Ba ya bin kowa bashin bayani, kaman yadda maƙeri ba ya tsayawa ya koya wa duk mai sayen lauje yadda ake ƙira. Ni a ganina shirunsa ba ƙarya ba ne.

Na san wani zai ce: to ai cije bakin nan da nishin da yake yi magana ce. Yana faɗa da jikinsa cewa abin ya fi yadda yake wuya. Wannan magana tana da nauyi, don mu ma a darasi an koya mana cewa ba da baki kaɗai ake isar da saƙo ba, kuma mutum yana iya faɗin kalmomin da duk gaskiya ne ya bar mai saurare da fahimtar da ba gaskiya ba. Amsata ita ce sai an duba wurin da abin ya faru. Wanda ya sayi tikiti ya shiga gidan wasa ya san wasa ya zo kallo, kuma nishi da zare ido suna cikin abin da ya biya. Haka yake a filin kokowa. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, babu wanda ya taɓa cewa ɗan kokowa ya yi ha'inci don ya yi kaman zai kama ƙafar dama ya kama ta hagu. Kirari da tsuma da rawar da ake yi kafin a haɗu, duk an san matsayinsu. Ƙa'idar a bayyane take, kowa ya shigo da saninta.

Ƙarya tana farawa ne lokacin da aka tambaye shi ya ba abin sunan da ba nasa ba. Mata biyu daga tarihin wannan sana'a sun isa misali. Joan Rhodes, ƴar Ingila da ta rayu daga 1921 zuwa 2010, ta yi suna da yage littattafan tarho da lanƙwasa sandunan ƙarfe a gidajen wasa, sanye da rigar biki, ga ta ba ƙatuwa ba. Abin da ta sayar wa jama'a shi ne mamakin cewa mace mai wannan siffa tana da wannan hannu, kuma hannun nata ne. Kafin ita, wajen 1884, an yi wata yarinya a jihar Jojiya ta Amurka, Lulu Hurst, wadda ƙarti kan riƙe sanda ko kujera, ita ta ɗora tafin hannu kawai, su kasa tsayar da abin. Aka yi ta shela cewa wani ɓoyayyen iko ne ya sauko mata, mutane suka yi ta biya. A 1897 ita da kanta ta rubuta littafi ta bayyana cewa babu wani iko: tana karkatar da ƙarfin mazan ne, su ture kansu da kansu. Dabarar Lulu ba ta da laifi, kuma abin sha'awa ce a ce yarinya ta gano ta. Laifin yana cikin sunan da aka laƙaba mata don a ci kasuwa.

Abin yakan ƙara muni in aka mai da wasan hujjar wani abu dabam. A Amurka an yi masu yawo gari-gari suna nuna ƙarfi, in taro ya haɗu su fito da kwalaben magani. Daga baya aka yi wata ƙungiyar masu wa'azin Kirista, The Power Team ta John Jacobs, da ta shahara a shekarun 1980, suna yage littattafan tarho, suna fasa tubala, sannan su yi wa'azi. Mu ma mun san wannan salo a kasuwanninmu, inda mai tallar magani zai tara mutane da abin mamaki kafin ya kwance jakarsa. Ban ce duk mai yin haka maƙaryaci ne ba. Abin da nake cewa shi ne yagaggen littafi shaida ce a kan abu ɗaya tak: wannan mutum ya iya yage littafi. Ba ya nuna maganinsa yana warkarwa, ba ya nuna maganarsa gaskiya ce, ko wace iri ce. In hankalinmu ya yi tsalle daga "ya iya wannan" zuwa "ke nan duk abin da ya faɗa haka ne", an yage mu kaman yadda aka yage littafin, shafi-shafi, ba mu ji ba.

Har yanzu mai wasa nake ta tuhuma. Bari in juyo kanmu, mu masu kallo, don a nan ne abin ya fi damuna. Mi ya sa in aka bayyana mana dabarar sai ranmu ya ɗan ɓaci, mu ce "ashe ma wayo ne"? Littafin dai ya yage, mutumin dai ya yi abin da ba mu iya ba. Mi ya ragu?

Ina jin abin da ya ragu shi ne uzurinmu. In ƙarfi ne tsagwaro, to baiwa ce, Allah ya ba shi bai ba ni ba, magana ta ƙare, in tafa in tafi gida in yi barci. In kuwa dabara ce da horo, to abu ne da ake koya, kuma tambaya ta dawo kaina: kai mi ya hana ka? Ƙarfi yana sallamar ɗan kallo, dabara tana ba shi aiki. Shi ya sa muka fi son labarin ƙarfi. Ku saurari hirar fada bayan an yi kokowa, ƙaramin ɗan kokowa ya ka da babba. Kafin mutum ɗaya ya ambaci watannin da ya yi yana gudu da asuba, mutum biyar sun ce asiri ne.

Haka muke yi a lakol. Tun daga lise akwai wanda kullum shi ke na ɗaya, sai mu ce "wane ai kai gare shi", mu rufe zancen. Ban musa cewa mutane sun bambanta a baiwa ba, kaman yadda hannuwa suka bambanta. Amma in ka matsa kusa da mafi yawan waɗannan masu kai, za ka tarar ba sa fuskantar shafi dubu lokaci ɗaya. Suna raba darasi ƙanana, suna bita tun ranar da aka yi shi, suna neman tambayoyin shekarun baya, suna rufe kaye su gwada faɗin abin da bakinsu. Mu kuma mu bar takardun fotokofi su taru har sati ɗaya kafin jarrabawa, mu kama su gaba ɗaya mu murɗa, mu kasa, mu ce ba mu da kai. Nawa ne cikin abokanmu suka bar karatu bayan sun faɗi bak sau ɗaya ko biyu, da yaƙinin cewa su ba a halicce su don boko ba? Wasu talauci ne ya fitar da su, wannan daban. Amma wasu an bar su ne suna kokowa da tsintsiya a ɗaure, babu wanda ya nuna musu inda ake kwancewa.

A nan ne hukuncin da na yanke wa mutum na biyu yake canzawa. Na ce mai wasa ba ya bin ɗan kallo bashin bayani, don abincinsa ke nan kuma kowa ya san wasa ne. Ɗakin karatu kuwa ba gidan wasa ba ne. Abokinka bai sayi tikiti don ya yi mamakinka ba. Tare kuka zo neman abu ɗaya. Wanda ya kwana yana karatu, da safe ya ce "walla ni ko buɗe kaye ban yi ba", don a ce baiwa ce, ya yi abin da aka yi da sunan Lulu Hurst. Ya ba dabara sunan iko. Kuma ƙaryarsa tana da wanda take cutarwa: na kusa da shi, wanda ya yi karatu da gaske bai samu ba, zai ƙara yarda cewa shi ne bai da kai. Wanda kuma ya shiga da ƴar takarda a aljihu, ko ya sa aka rubuta masa kundin kammala karatu, shi ne mai tanderu. Takardar shaidarsa a ido irin ta kowa ce. Ranar da aka miƙa masa ɗanyen littafi, a asibiti ko a aji ko a ofis, wasu ne za su biya kuɗin algus ɗin.

Saboda haka in aka tambaye ni ina iyakar take, ba zan ja ta tsakanin ƙarfi da dabara ba, don babu aikin ɗan Adam da bai haɗa su biyu ba. Ko mai faskare sai ya duba inda icen yake da tsaga kafin ya sauke gatari. Zan ja ta ne da tambayoyi biyu. Ta farko: abin da ka yi aiki a kansa, irin wanda aka ba kowa ne, ko ka taɓa shi a ɓoye? Ta biyu: in wanda yake da haƙƙin sani ya tambaye ka yadda ka yi, za ka kira abin da sunansa? Wanda ya tsallake waɗannan biyun, ko da dabara ce kashi tara cikin goma na aikinsa, tafin da aka yi masa halal ne.

Littafin tarho dai yana ƙarewa a duniya, salula ta cinye shi, masu wasan ma sai sun nema kafin su samu. Tambayar da ya bari tana nan. In kun ga wanda ya fi ku, kafin ku ce baiwa ce ko asiri ne, ku matsa ku ce masa: "Ɗan'uwa, nuna mini yadda kake riƙewa." In kuma ku aka tambaya, ku nuna. Ba a taɓa jin hannun da ya rage ƙarfi don ya koya wa wani riƙo ba.